Uwani, Ba Ki Zama Likitar Dangi Ba Tukuna

Talata Mafara,
ranar Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga ɗiyata Uwani, a ƙasar Masar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Uwani, ina wuni, ina karatu, ina baƙunta, yaya zaman garin mutane? Allah Ya sa takardar nan ta tarar da ke cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare min ke a tsaye da zaune, a aji da kan hanya, Ya raba ki da sharrin abin da kike gani da wanda ba ki gani. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Babanki Malam yana sa miki albarka, yayyenki da matansu suna gaishe ki. Labarin gari kuwa ba shi na zauna rubutawa ba, don haka kada ki sa ran jin wa ta haihu ko wa aka ɗaura wa aure.

Na ɗauki biro ne saboda waya ta gagare ni. Da an ji ina magana da ke sai gida ya taru a kaina, wannan ya fizge ya gaisa, waccan ta fizge ta gaisa, kafin wayar ta dawo hannuna maganar da na ƙulla ta warware. Rubutun nawa dai kin san shi, na ajin yaƙi da jahilci ne, in kin ga harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki. In na gama zan ɗauki hoton takardun in turo miki, na iya yanzu.

Ranar da kika kira ni bayan la'asar, kin ce, "Inna, na faɗi jarrabawa guda. Na shiga ɗakin, na ga tambayoyin, na san na karanta su, amma kaina ya zama wayam. Ina ganin karatun likitan nan ya fi ƙarfina. Gida zan dawo." Ni kuma na ce miki ki yi haƙuri, ki yi ta addu'a. Ba ƙarya na faɗa ba, amma amsar ba ta isa ba, na kuma ji a muryarki ba ta ishe ki ba. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar nan, ko tuwo kaɗan na taɓa. Tun lokacin nake juya maganar, har na kira Bilkisu, 'yar Gusau ɗin nan da kuke ɗaki ɗaya, na yi mata tambayoyi. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata.

To ga amsata cikakkiya. Karatun nan bai fi ƙarfinki ba. Ni na haife ki, na san irin kan da Allah Ya ba ki. Yarinyar da ta sauke Alƙur'ani a zauren babanta tun ba ta iya ɗaurin zani da kyau ba, ta tafi ƙasar Larabawa ta yi shekarun nan duka tana haye jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, ba za ta wayi gari rana ɗaya ta zama daƙiƙiya ba. Gajiya ce ke damunki, ɗiyata. Na san ta, na san yadda take shigowa, na san irin ƙaryar da take raɗa wa mutum a kunne, domin ta taɓa kayar da ni a gaban jama'a.

Kin taso kin gan ni cikin masu tuƙin tuwon biki, har na zama ni ke tsayawa a kan tukwane, amma ba ki san yadda na fara ba. Lokacin ina goyon yayanki Bello, Iya Hassi ce shugabarmu, wata tsohuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya, Allah Ya jiƙanta. Bayan kaka ne, amfani ya yi kyau, kowa ya tashi aurar da ɗa. Muka yi biki a Bakura, muka dawo muka yi suna a nan Mafara, hayaƙin bai fita idonmu ba aka zo da mota aka kwashe mu sai Tsibiri.

Babbar tukunyar biki mace ɗaya ba ta tuƙa ta. Karɓa-karɓa ake yi. Kina tuƙi wata tana tsaye a bayanki, da kin ji kafaɗa ta ɗau zafi sai ki ce "karɓi", ki miƙa mata muciya, ki koma inuwa ki sha ruwa. Kowa haka take yi, babu mai ganin ragwancin wata. Ni kuwa ƙuruciya na ɗibata, ga shi an fara yabona, ana cewa hannun matar Malam ba ya barin gudaji a tuwo. Yabon nan ya hau min kai. Sai na ƙudurta a raina cewa ni ba za a ji "karɓi" a bakina ba.

Iya Hassi ta zagayo ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyag ga, aje muciyag ga ki tahi inuwa."

Na ce, "Iya, ban gaji ba."

Ta ce, "Bakinki dai bai gaji ba, amma hannunki ya gaji."

Na yi dariya na ci gaba. Aka kira ta wajen miya, ta tafi. Aka ɗora tukunyar dangin ango, wadda ta fi kowace girma, na ce ni ce da ita. Uwani, ina tsaye da ƙwaryar gari a hannu sai na rasa abin da ke biye. Ni da nake tuƙa tuwo tun ina 'yar mitsitsiya, wallahi na kasa tuna ko talgen ya nuna ko yanzu aka zuba ruɗe. Ina kallon tukunyar, na san na san aikin nan, amma kaina wayam. Kunya ta hana ni tambaya. Na juye garin nan gaba ɗaya. Sama ya cure ya yi gudaji, ciki ɗanye, ƙasa ya kama, ƙauri ya tashi har zaure. Sai da aka bi gidajen maƙwabta ana roƙon gari, baƙin da suka zo tun hantsi ba su ga tuwo ba sai da rana ta yi ja.

Na zagaya bayan rumbu da yayanki a baya na yi kuka har na gode Allah. Da Iya Hassi ta same ni na ce mata, "Iya, na rantse da Allah ba ni sake taɓa muciyar biki. Aikin nan ba nawa ba ne." Na zaci zagi zan sha, don bakinta ba ya raga wa kowa. Sai ta kwance yaron daga bayana ta goya shi, ta ce, "Na ji rantsuwarki. Tahi ɗakin can ki kwanta. In kin tashi ki sake hwaɗa min ita."

Na yi barcin da ban san inda kaina yake ba. Da na farka gari ya waye tuni, ta aje min fura mai sanyi da nono, ta zauna tana kallona har na shanye. Sannan ta ce, "To, maimaita." Na buɗe baki zan maimaita sai dariya ta kama ni. Ashe babu komai cikin maganar sai rashin barci da yunwa. Da muka dawo gida Malam ya sa ni kaffarar rantsuwa, yana yi yana min dariya, bikin da ya biyo baya kuwa ni na tuƙa tuwon amarya.

Abin da ya same ni a bakin tukunya shi ya same ki a ɗakin jarrabawa, ko tantama ba na yi. Saboda haka maganar dawowa gida na ji ta, ban kuma raina ta ba, amma ba zan karɓe ta daga bakin wadda ba ta yi barci ba. Mutum in ya gaji komai baƙi yake gani. Ya ga bai iya komai ba, ya ga kowa ya fi shi, ya ga gara ya tattara ya bar wurin. Kada ki yanke wata shawara a cikin halin nan, ko ƙarama ce. Kuma ki koyi buɗe baki kafin aiki ya lalace. Bilkisu ta ce akwai malamar da ke kula da ɗaliban ajinku, mace mai kirki, amma ko sau ɗaya ba ki taɓa zuwa wurinta ba. Ki je. Ki ce mata kin gaji, ki ce ga inda ya shige miki duhu. In an raba muku aiki ke da 'yan ajinku, ki ɗauki rabonki ki bar musu nasu, don ta ce min har na wasu kike haɗawa wai kada a ce 'yar Najeriya ta gaza. Wa ya aike ki? Najeriya ba ta san kina yi ba.

Kada ki zaci daga ranar Tsibiri na zama gwanar hutu. Ina! Na koyi miƙa muciya, amma hutun kansa sai da aka koya min shi daga baya. In mun dawo daga biki sai in ce yau hutawa zan yi, in shimfiɗa tabarma, in jawo faifan wake ina tsinta. In wake ya ƙare in jawo shinkafa, in ta ƙare in ɗauko ɗinkin hula. A wurina wannan shi ne hutu, tunda a zaune nake. Sai in tashi da wuya a sage, in yi ta yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Ke ma kin sha, kina iya tunawa.

Kin tuna Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu ta da, wadda mijinta ke aiki a sakatariya? Ranar Lahadi in ta dawo daga coci sai ta ci abinci, ta fito da tabarma gindin darbejiya ta miƙe ƙafa. Ba tsinta, ba ɗinki, ba wanki. Na daɗe ina cewa a raina, kai, matar nan akwai son jiki. Wata Lahadi na shiga wurinta da faifaina, muna hira ina tsinta. Sai kawai ta miƙo hannu ta ɗauke faifan daga cinyata ta aje shi can nesa da ni.

Ta ce, "Maman Bello, yau ki zauna hannu sake, mu gani ko gidanku zai rushe."

Na ce, "Haba, Maman Rifkatu, ai zaman banza ba kyau."

Ta ce, "To mijinki fa? Alhamis da Juma'a ina jin karatu a zaurenku? Ko shi ma zaman banza yake yi?"

Abin yana gidana shekara da shekaru ban taɓa lura ba. Babanki, wanda duk garin nan an san ba ya wasa da karatu, da yammacin Laraba ya yi yake sa a jingine alluna. Ya tafi fadama ya duba albasarsa, ya zauna da abokansa a bakin ruwa su yi ta hirar duniya, ranar Asabar ya dawo zaure da muryarsa garau. Haka ya tarar malamansa suna yi, haka su ma suka tarar. Ranar nan na zauna a gidan matar nan har la'asar ban taɓa komai ba. Da farko hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Daga baya na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata, na koma gida ina raha da kowa, har Malam ya tambaya ko albishir aka yi min.

Don haka ki ware rana guda a mako ki rufe littafi ruf. In karatun Alƙur'ani ana jingine shi a huta, ban ga dalilin da zai hana a jingine na ƙashi da jijiya ba. Amma ki ji ni da kyau, kwanciya da waya a hannu ba hutu ba ne, faifan wake ne irin na zamaninku. Ki fita ki ga rana. An ce kogin garin nan naku ya fi duk ruwan da muka sani, ke kuwa Bilkisu ta ce ta tagar mota kawai kike ganinsa. Ku je ku zauna a bakinsa ku ci gyaɗa. Ki je wurin 'yan uwanki ɗalibai Hausawa ranar da suke haɗuwa, ki yi Hausa har bakinki ya gaji, ki yi dariya irin taki mai ƙarar nan da nake hana ki a gaban baƙi. Kukar da daddawar da na ƙulle miki an ce suna nan a ƙasan akwati ko kwance su ba ki yi ba, kullum burodi da shayi a tsaye. Ashe wahalar banza na yi? Ki kaɗa miya, ki tuƙa tuwo ko da na garin da kuke samu a can ne, ki kira mutane ku ci a kwano ɗaya. Abincin da aka ci a zaune cikin mutane ya fi kama jiki. Barci kuwa ba a cin bashinsa a zauna lafiya. In kin yi sallar isha'i kin ɗan duba littafi, ki kwanta. Abin da bai shiga kai ba da ido biyu garau, ba zai shiga ba don kin hana ido rufuwa. Sallarki ma ki daina yin ta kamar ana korar ki, ki zauna a kan dardumar kaɗan bayan sallama.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ƙona min rai, wanda ke ba ki gaya min ba, Bilkisu ma sai da na ƙure ta.

Makon jiya mun je suna Dakko, gidan kawunki Ɗanjuma, an samu jika. Bayan an kwashe tuwo mata sun zauna ana hira, sai goggonki Ai ta Morai ta ɗaga murya ta ce, "Allah shi yi wa Uwani albarka! Ɗiyag ga likita ce ta ƙwarai. Ciwon bayan nan nawa, duk sadda ya motsa sai in kira ta, ko ba ta ɗauka ba sai ta kira ni." Na yi murmushi na ce amin. Sai matar kawunki ta ce ai ita ma ta tura miki hoton ƙurajen da suka fito wa autanta. Wata ta ce mijinta ya tura miki hoton kwalin maganin da ya sayo a kasuwa. Wata da ko saninta ban yi ba, wai kishiyar ƙanwar maƙwabciyarsu, ta ce kin yi mata bayani a kan hawan jini. Murmushin nawa ya fara bushewa. Ana cikin haka kawunki ya leƙo daga ƙofa yana washe baki ya ce, "Ai ni ma ta taimake ni. Ragon sunan ga da ya kama tari, ita na tambaya."

Rago, Uwani! Rago!

Na ce su kunna min in ji. Suka yi ta kunna saƙonninki ɗaya bayan ɗaya, wayoyi sun fi a ƙirga. Na ji muryarki a dishe, kina jan ta da ƙyar. Kowane saƙo sai kin fara da ina wuni, ina gida, ina yara, ina su wane, ina su wance, yaya ruwa, yaya gona, saura kaɗan ki gaishe da kaji. Sai can a ƙarshe ki ce, "Ni ɗaliba ce tukuna, don Allah a je asibiti a duba." Na yaba miki da wannan, ba ki rubuta wa kowa magani ba. Amma na kawunki ne ya sa na ji hawaye, inda kika ce, "Kawu, ni ba na dabbobi nake karanta ba, amma bari in bincika maka." Kuma kika bincika! Da na dawo na sake kiran Bilkisu, ta ce haka ne, da kin shigo daga asibitin koyon aiki ko takalmi ba ki cirewa sai ki zauna amsa saƙon gida. Lokacin karatu ya tafi a nan, sai ki rama shi da lokacin barci.

Ba sai an yi bincike a kan wanda ya ba su lambarki ba. Ni ce. Shekarar da kika tafi na raba ta kamar goron biki, duk inda na zauna sai na ce ɗiyata tana Masar tana karatun likita, ga lambarta a gaisa. Daɗi ne ya yi min yawa, ban yi tunanin inda abin zai kai ba. Mu kuma muka tarbiyyantar da ke a kan ba a katse babba, ba a gajarta gaisuwa, ba a cewa dangi a'a. Kin riƙe tarbiyyar, Allah Ya yi miki albarka, amma ga shi tana neman cinye ki.

To ni na ɗaura, ni kuma na kwance. A wurin sunan nan na miƙe na ɗaure gyale a ƙugu na ce, "Jama'a, ku saurare ni. Daga yau duk mai ciwo ya nufi asibiti, ga na Bakura ga na Mafara. Uwani karatu ta tafi, ba a ba ta takardar duba kowa ba tukuna. Mai son ta da alheri ya yi mata addu'a daga inda yake, tana isa."

Goggonki ta taɓe baki ta ce, "Au, yanzu rowar ɗiya za ki yi muna? Ai tamu ce mu duka."

Na ce, "Taku ce, Yaya, shi ya sa nake so ta dawo muku da rai da takarda. In kun cinye ta tun tana ɗanya, wa zai duba bayan naki gobe?"

Ta yi fushi, ko sallama ba ta yi min ba da za ta hau mota. Bai dame ni ba. Kwana kaɗan na dafa mata dambu na bi ta har Morai, muka zauna na gaya mata yadda muryarki ta koma da abin da ya faru a jarrabawa. Tsohuwar nan sai ga ta tana share ido da bakin zani, tana cewa wallahi ba ta sani ba, ita ta zaci kina jin daɗin kiran. Babu mai mugun nufi a cikinsu, Uwani, kowa yana ganin shi kaɗai ne ke kira. Dangin Maradun kuwa, tunda hanya ba kamar da ba, Malam ne ya kira su da kansa, kin san in ya yi magana ba a maimaitawa.

Saura naki. Duk wanda ya sake turo miki hoton ƙurji ko kwalin magani, ki ce, "Inna ta hana ni." Iyakar amsar ke nan. Ki jingina laifin a kaina, ina da faɗin bayan ɗaukarsa, an daɗe ana cewa matar Malam ba ta da sauƙi. Ranar Juma'a ki zaɓi babba ɗaya ko biyu ki gaishe su a taƙaice, wani makon ki gaishe da wasu. Zumunci ba ya tsinkewa don an rage waya. Ki koyi wannan tun yanzu, domin ran da kika zama likitar gaske abin da za a ɗora miki ya ninka haka, kuma ba kullum zan kasance a tsaye da gyale a ƙugu ba.

Na gaya wa Malam maganar dawowarki. Ya ce, "A ce mata ba mu aike ta don ta kashe kanta ba. Ta huta, ta sake zama jarrabawar, Allah Yana tare da ita." Ni ma a nan na tsaya. An ce za a ba ku hutu kafin a sake zaman, to ki ci hutun nan kamar yadda na faɗa miki, kada ki mayar da shi wani zangon karatun. In kin yi barci ya ishe ki, kin ci kin ƙoshi, kin shiga mutane, kin sake zama jarrabawar, sannan zuciyarki ta ce har yanzu gida, to ki faɗa min. Ni da kaina zan je filin jirgin Sakkwato in tarbe ki, duk wanda ya buɗe baki a kanki kuwa ya gamu da ni. Ɗakinki yana nan, ba a kan takarda muka haife ki ba. Amma na san ɗiyata, kuma ina faɗa da ƙarfin zuciya, za ki haye.

Akwai abu ɗaya da nake so ki ji daga bakina kafin wani ya riga ni. Gwiwata ta dama tana damuna tun damina, in na yi sujada sai na dafa bango nake tashi. Ranar da kika kira ni kina kuka, ita nake shirin gaya miki, har na tanadi yadda zan kwatanta miki ciwon. Ashe ni ma ina cikin layin. To na fita. Na je asibiti a nan Mafara na zauna a benci kamar kowa, aka duba ni, aka ba ni magani, da sauƙi sosai. Kada ki kira ki tambaye ni, in kin tambaya ma ba zan amsa ba. Likitan ya ce ciwon girma ne, ba ya kisa, ba ya kuma tafiya. Na ce masa madalla, tunda ba ya tafiya zai jira. Ran da kika dawo da takardarki, kafin goggonki, kafin kawunki da ragonsa, ni zan fara miƙe ƙafa a tabarma ki duba min ita da hannunki.

Allah Ya huce miki gajiya, Ya ba ki barci mai daɗi da farkawa cikin ƙarfi. Allah Ya buɗe miki abin da ya rufe, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga ciwo da kaɗaici a ƙasar da ba ni kusa. Allah Ya dawo min da ke lafiya ina raye. Ki gaishe min da Bilkisu, ki ce na gode, Allah Ya saka mata da alheri.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Innarki.